Bin Diddigi

Daga ma'aikata aka aiko ni, da takarda mai gida ashirin,
kowane gida a cika shi da e ko a'a.
Na sauka a Rafindadi da hantsi,
gidan da ake kawo waɗanda likita ya ce
sai dai addu'a.

Alhaji Ma'aruf ya tare ni da lemon kwalba.
An yi shara, an yayyafa ruwa,
turaren wuta na kokawa da warin da ya riga shi zama.
Gado nawa? Sha huɗu.
Fanka? Tana juyawa, in an kawo wuta.
Littafin magani? Ga shi nan tsaf,
biro ɗaya, hannu ɗaya, Litinin har Lahadi,
kamar wanda aka zauna aka cika daren jiya.

Na ce a ɗaga mini bargo.
Ya ce, Hajiya, wannan ba ya cikin takardarki.
Na ce, na sani.

Ni diddige nake dubawa.
Innata ta yi wata bakwai kwance a ɗakina a Ƙofar Sauri,
ina dama kunu, ina fifita,
ina jin babu wanda ya kai ni iya jinya.
Sai ranar da mai wanka ta ja ni gefe,
ta nuna mini abin da tabarma ta ci
a bayanta da dugaduganta.
Ban san ana juya mutum ba.
Tun daga ranar, fuska ba ta isa shaida a wurina.

Gado na uku, Malam Inuwa marini,
har yanzu da sauran baba a ƙarƙashin farcensa.
Diddigensa sumul, yana ƙamshin man kaɗe.
Wa ke yin wannan?
Aka nuna mini Lantana mai shara,
wadda sunanta ba ya cikin jerin ma'aikata.
Ita ke juya shi da azahar, ta juya shi da la'asar,
ita ta san in ba gabas ya fuskanta ba, ba ya barci.

Gado na tara, Gwaggo Tasalla.
Kofin ruwanta na kan taga,
taku biyu daga inda hannunta ya tsaya.
Leɓe ya tsage.
Allurar rage zafi ta ƙare tun Laraba,
littafi kuwa ya ce an yi mata da safe.
Bakin zanenta ya jiƙe, duk shaidar haƙori.

Na koma ƙarfe biyun dare, ban yi sallama da kowa ba.
Inji a kashe.
Barira nas ta kifa kai a tebur,
kwana biyu ba mai karɓarta, wata uku ba albashi.
Na ɗaga hannu in tashe ta, na fasa.
Can ƙurya, hasken waya,
Lantana na tsoma auduga a ruwa
tana goga wa Malam a baki,
tana karanta masa kalmar shahada a hankali,
kamar mai lallashin yaro ya ci tuwo.

Ni na sauko da kofin Gwaggo.
Ta sha, ta kira ni da sunan wata.
Na amsa.

Gida na ashirin ya ce: shin wurin ya cancanta?
Akwatin bai kai ƙwayar gero biyu ba.
Na juya takardar, na rubuta a baya:
a kawo allura kafin Alhamis,
a biya Barira,
a sa sunan Lantana,
a tambayi wanda ya cika littafin.

Malam Inuwa ya cika da kiran assalatu,
fatarsa ba inda ta ɓule.
Gwaggo Tasalla tana nan.
Da na fito, ina jiyo ta har bakin titi.